Ciwon Ƙoda Mai Tsanani: Yadda Ake Magance Raɗaɗi Ba Tare Da Magani Ya Zama Guba Ba

Ciwon ƙoda idan ya yi nisa yakan zo da raɗaɗi iri-iri, kamar ciwon ƙashi da na gaɓoɓi, zafin tafin ƙafa, ɗaurewar tsoka da ciwon kai. Nazarin da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda ake yi wa wankin ƙoda suna fama da ciwon jiki mai daɗewa. Sai dai kuma da yawa daga cikin magungunan kashe raɗaɗi da jama'a suka saba saya a kemis, ko dai su ƙara raunana ƙodar, ko kuma su taru a jini saboda ƙodar da za ta fitar da su ta gaza.

Saboda haka wasu majinyata kan daure da azaba don tsoron magani, wasu kuma kan sha duk abin da aka miƙo musu don neman sauƙi. Duka biyun suna da illa. Ana iya magance raɗaɗin mai ciwon ƙoda, muddin an zaɓi maganin da ya dace, an rage yawansa daidai da ƙarfin da ya rage wa ƙodar, an kuma sa ido a kan majinyacin. Wannan bayani ya tattaro abubuwan da ya kamata majinyaci da masu jinyarsa su sani. An rubuta sunayen yawancin magungunan kamar yadda za a gan su a jikin kwali, domin a gane su idan an gani.

Dangantakar ƙoda da magani

Ɗan Adam yana da ƙoda biyu, kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, kuma a cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kowace rana suna tace ruwan jini da ya kai kusan lita 180, su mayar da mafi yawansa jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Ta wannan hanya ce jiki ke rabuwa da dattin jini da rarar gishiri da ruwa, da kuma ragowar magunguna.

Duk maganin da aka sha sai ya bar jiki bayan ya gama aiki. Wasu magungunan hanta ce ke narkar da su, wasu ƙoda ce ke fitar da su kai tsaye, wasu kuma hanta kan juya su zuwa wasu sinadarai da ƙoda za ta fitar daga baya. Idan ƙoda ta raunana, sai ƙwayar jiya ta tarar da ta shekaranjiya ba ta fita ba, ta yau kuma ta hau kansu. Cikin 'yan kwanaki adadin da ke warkar da mai lafiyayyar ƙoda zai iya zama guba ga mai ciwonta.

Ban da wannan, taruwar datti a jini kan sa ƙwaƙwalwa ta fi saurin jin tasirin magunguna masu sa barci, jini kuma ba ya saurin daskarewa idan an samu rauni ko gyambo a ciki. Waɗannan dalilai ne suka sa likitocin ƙoda ke bin ƙa'ida ɗaya a kusan kowane magani: a fara da kaɗan, a ba da tazara mai tsawo, a ƙara sannu a hankali idan buƙata ta kama.

Lambar da ya kamata kowane majinyaci ya sani

Ana auna ƙarfin ƙoda ne ta gwajin wani sinadari a jini mai suna kiriyatinin. Daga sakamakonsa ake lissafa yawan jinin da ƙoda ke iya tacewa a minti ɗaya, wanda ake rubutawa eGFR a takardar gwaji. Idan matsalar ta wuce wata uku, ana kiranta ciwon ƙoda mai daɗewa, kuma an kasa shi mataki biyar.

A mataki na 1 lambar tana kan 90 ko sama, amma akwai wata alamar lahani kamar zubar furotin a fitsari. Mataki na 2 daga 60 zuwa 89 ne, na 3 daga 30 zuwa 59, na 4 daga 15 zuwa 29. Mataki na 5 shi ne ƙasa da 15, inda ake cewa ƙoda ta gaza, kuma ake maganar wanki ko dashe. Idan aka ce ciwon ya yi nisa, ana nufin mataki na 4 da na 5.

Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kai mutane ga wannan hali. Akwai kuma kumburin matatan ƙoda, cutar sikila, cuta mai karya garkuwar jiki da toshewar mafitsara. Cutar kan yi shekaru tana cin jiki ba tare da wata alama ba, shi ya sa da yawa ba sa sanin suna ɗauke da ita sai ta yi nisa. Wanda aka tabbatar masa da ita ya riƙe lambarsa ta baya-bayan nan, ya faɗa wa duk likita ko masanin harhaɗa magunguna da zai ba shi magani, ko da na haƙori ne ko na mura.

Gano tushen raɗaɗin

Maganin ciwo ya danganta da inda ciwon ya samo asali. Ƙodar da ta gaza ba ta iya daidaita sinadaran kalsiyam da fosfet, wannan kan raunana ƙashi ya kawo ciwon baya da ƙugu da ƙafafu. Ciwon sukari da dattin jini kan lalata jijiyoyin ji, sai majinyaci ya riƙa jin zafi kamar an shafa barkono a tafin ƙafa, ko kamar ana tsira masa allura, musamman da dare. Taruwar sinadarin yurik asid kan kumbura gaɓa, galibi babban yatsan ƙafa. Toshewar jijiyoyin jini na ƙafa kan kawo ciwo yayin tafiya. Wankin ƙoda shi kansa kan zo da ɗaurewar tsoka, ciwon kai da zafin huda allura.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayanin majinyaci shi ne babban abin da likita ke dogara da shi: a ina ciwon yake, yaushe ya fara, yaya yake ji, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, kuma ko yana hana barci ko tafiya. A asibitoci da dama akan nemi majinyaci ya kimanta ciwonsa daga 0 zuwa 10. Kunya ko nuna jarumta a wannan wuri kan sa a ba da maganin da bai dace ba.

Magungunan da ya kamata a ƙaurace wa

Mafi haɗari ga ƙoda cikin magungunan da ake samu cikin sauƙi su ne masu rage kumburi da zafi, waɗanda suka haɗa da ibuprofen, diclofenac, piroxicam, naproxen, indomethacin, mefenamic acid da celecoxib, sai asfirin idan an sha shi da yawa don kashe ciwo. Suna aiki ne ta hanyar hana jiki samar da wasu sinadarai masu kawo zafi da kumburi. Amma waɗannan sinadaran ne kuma ke buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini cikin matatan ƙoda. Idan aka toshe su, jinin da ke shiga ƙoda ya ragu, tacewa ta faɗi.

Ga mai raunin ƙoda, shan su na 'yan kwanaki kawai na iya rage fitsari, ya kumbura ƙafa, ya tayar da hawan jini, ya kuma ɗaga sinadarin fotasiyam a jini har ya rikita bugun zuciya. Suna kuma haddasa gyambon ciki da zubar jini a hanji. Haɗarin ya fi yawa idan mutum yana shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan tare da maganin sa fitsari irin su furosemide. Haɗuwar waɗannan uku sananniyar hanya ce ta tsayar da ƙoda farat ɗaya. Haka nan idan jiki ya rasa ruwa, kamar bayan gudawa da amai, ko bayan wuni ana aikin ƙarfi a rana lokacin bazara.

Matsalar ita ce mutane da dama suna shan waɗannan magunguna ba tare da sun san sunansu ba. Haɗin maganin gajiya ko na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda kan ƙunshi biyu ko uku daga cikinsu a lokaci guda, wani lokaci har da prednisolone ko dexamethasone, masu tayar da sukari da hawan jini. Garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a ƙunshin takarda yawanci asfirin ne da kafin. Allurar ciwon jiki da ake yi a kemis sau da yawa diclofenac ce, kuma allura ba ta fi ƙwaya sauƙi ga ƙoda ba. Mai ciwon ƙoda kada ya sha ƙwayar da ba ta cikin kwalinta mai suna.

Akwai bambanci game da ƙaramin asfirin mai miligiram 75 da likita ke rubuta wa masu ciwon zuciya. Wannan ba don kashe ciwo ake shan sa ba, kuma ba a dakatar da shi sai da izinin likitan da ya rubuta.

Farasitamol: matakin farko

A shekarar 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin magance raɗaɗi mai hawa uku: a fara da magani mai sauƙi, a hau zuwa matsakaici, sannan mai ƙarfi idan ciwo ya ƙi lafawa. Likitocin ƙoda suna bin wannan tsari, amma sun sauya magungunan da ke kowane hawa.

A hawa na farko farasitamol ne abin dogaro, domin hanta ce ke sarrafa shi, kuma ba ya rage jinin da ke shiga ƙoda. Ƙwayarsa da aka saba gani miligiram 500 ce. Ga babba mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, likitoci kan taƙaita shi zuwa giram 3 cikin awa 24, wato ƙwaya shida, ba a wuce biyu a lokaci guda, kuma da tazarar aƙalla awa shida. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan barasa, nasa adadin ya yi ƙasa da haka.

Ga ciwo mai daɗewa, shan sa a kan lokaci kamar yadda likita ya tsara ya fi amfani a kan jira sai ciwo ya tsananta. A lura cewa magungunan mura da na zazzaɓi da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, don haka ana iya wuce iyaka ba a sani ba, abin da ke lalata hanta. Wasu kuma an haɗa shi da ibuprofen ko diclofenac a ƙwaya ɗaya, sai an karanta jikin kwali za a gane. Nau'in da ake jefawa a ruwa ya narke yana da gishirin sodiyam mai yawa, bai dace da mai kumburi ko hawan jini ba.

Magunguna masu ƙarfi dangin mofin

Idan ciwo ya fi ƙarfin farasitamol, akan koma ga dangin mofin. Waɗannan ba sa lalata ƙoda kai tsaye. Illarsu ita ce taruwa.

Hanta kan juya mofin zuwa sinadarai biyu waɗanda ƙoda ce kaɗai ke fitar da su. Idan suka taru, majinyaci kan shiga magagi da sambatu, gaɓoɓinsa su riƙa fizga, numfashinsa ya yi ƙasa har ya tsaya. Kodin shi ma mofin yake komawa a cikin jiki, saboda haka ana guje masa, haka ma dihydrocodeine. Tun a watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yanzu akwai ƙwayoyin kashe ciwo da ke ɗauke da shi haɗe da farasitamol. Allurar pethidine kuwa ragowarta kan haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya, don haka ba a yi wa mai gazawar ƙoda.

Ana iya amfani da tiramadol, amma da taka-tsantsan. Idan lambar ƙoda ta yi ƙasa da 30, ana ba da tazarar awa 12 tsakanin sha da sha, a mataki na 5 kuma likitoci kan tsaya a miligiram 50 sau biyu a rana. Yawansa kan kawo jijjiga, ruɗewa da faɗuwar sukarin jini. Hukumar NAFDAC ta amince ne kawai da mai miligiram 50 da mai 100. Masu 200 da 225 da ke yawo a kasuwar bayan fage haramtattu ne, kuma ƙwaya ɗaya daga cikinsu ta kai ko ta zarce abin da mai gazawar ƙoda zai iya ɗauka a yini biyu.

Waɗanda suka fi dacewa da raunanniyar ƙoda su ne fentanyl, buprenorphine da methadone, domin ba su dogara da ƙoda sosai wajen fita ba. Wasunsu ana liƙa su ne a fata kamar filasta. Ƙwararru kaɗai ke rubuta su, kuma ba kowane asibiti ke da su ba. Inda mofin ne kawai ake da shi, likita kan ba da ɗan kaɗan da tazara mai tsawo, na taƙaitaccen lokaci, yana lura da numfashin majinyaci da farkawarsa. Duk dangin nan suna taurara bayan gida, don haka akan haɗa su da magani mai sassauta ciki irin su lactulose ko senna. Ba a haɗa su da maganin barci irin su diazepam ba tare da sanin likita ba.

Ciwon jijiya, ciwon gaɓa da sikila

Zafin da ke fitowa daga lalacewar jijiyoyin ji ba ya cika jin farasitamol. Magungunansa su ne gabapentin da pregabalin, kuma ƙoda ce ke fitar da su kusan gaba ɗaya. A jikin mai lafiya, rabin gabapentin da aka sha kan bar jini cikin awa 5 zuwa 7. A jikin wanda ƙodarsa ta daina aiki, hakan kan ɗauki fiye da kwana biyar idan ba a yi wanki ba. Shi ya sa mai lafiyayyar ƙoda zai iya kaiwa miligiram 3,600 a rana, amma mai wankin ƙoda akan ba shi 100 zuwa 300 ne kawai bayan kowane wanki. Alamar ya yi yawa ita ce jiri, tangaɗi, yawan barci da faɗuwa. Ana kuma amfani da amitriptyline kaɗan da dare. Baclofen, wanda ake bayarwa don ɗaurewar tsoka ko shaƙuwa, yana iya jefa mai gazawar ƙoda cikin dogon suma ko da ƙwayoyi kaɗan ne.

Idan gaɓa ta kumbura saboda yurik asid, likita kan zaɓi prednisolone na 'yan kwanaki ko colchicine da aka rage sosai, maimakon diclofenac da aka saba ba wa sauran mutane. Maganin hana dawowar ciwon, wato allopurinol, da ƙaramin adadi ake fara shi.

Masu sikila suna buƙatar kulawa ta musamman. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar, kimanin 150,000 a shekara. Cutar kanta tana lalata ƙoda sannu a hankali, ga kuma shekarun da mai ita ke yi yana shan ibuprofen da diclofenac a duk lokacin da ciwo ya tashi. Allurar pentazocine da wasu ke yi wa kansu a gida tana sa dogaro da ita, tana kuma lalata tsoka da fata. Ya kamata mai sikila ya riƙa gwajin fitsari da na ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake duba magungunan ciwonsa da zarar an ga alamar rauni.

Sauran magungunan da ke buƙatar gyara

Ba magungunan ciwo kaɗai ke taruwa ba. Ana dakatar da metformin na masu ciwon sukari idan lambar ƙoda ta yi ƙasa da 30. Glibenclamide kan daɗe a jiki ya faɗar da sukari har mutum ya suma. Insulin ma kan daɗe yana aiki, don haka mai sukarin da ya ga buƙatarsa ta insulin tana raguwa kada ya ɗauka warkewa ce, wataƙila ƙodar ce ke ƙara rauni.

Cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, allurar gentamicin tana lalata ƙoda da ji, co-trimoxazole yana ɗaga fotasiyam, nitrofurantoin kuma ba ya aiki sosai a raunanniyar ƙoda. Tenofovir, da ake ba masu cuta mai karya garkuwar jiki da masu ciwon hanta nau'in B, yana buƙatar gwajin ƙoda a kai a kai, kuma ba a daina shi kai tsaye sai likita ya sauya shi da wani. Farin maganin ruwa na gyambon ciki mai maganiziyam ko alminiyam yana taruwa a jini. Ruwan da ake ɗurawa a jijiya kafin ɗaukar wasu hotunan cikin jiki shi ma kan taɓa ƙoda, don haka a sanar da ma'aikata tun kafin a fara.

Idan majinyaci ya kamu da gudawa ko amai, ko zazzaɓin da ya hana shi ci da sha, ya tuntuɓi likitansa a ranar, domin akan dakatar da wasu magungunan hawan jini da na sa fitsari da na sukari har ya farfaɗo. Wanda ke mataki na 4 ko na 5 kuma ya nemi shawarar likita kafin azumi, saboda ƙishirwa da sauyin lokutan shan magani.

Jiƙo, kanwa da jabun magani

Tsadar jinyar ƙoda kan tura mutane ga jiƙe-jiƙe da saiwoyi, har da waɗanda ake tallatawa da sunan wanke ƙoda. Kasancewar abu daga itace yake bai sa ya kuɓuta daga illa ba. A farkon shekarun 1990, fiye da mata 100 a ƙasar Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan shan ƙwayoyin rage ƙiba da ke ɗauke da wani tsiro na dangin Aristolochia, wasunsu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Wani ɗan wannan dangi yana fitowa a ƙasar Hausa, shi ne ake kira madacin ƙasa ko duman dutse. Yawancin haɗe-haɗen da ake sayarwa a jarka ba a san abin da ke cikinsu ba, balle adadinsa.

Kanwa gishirin sodiyam ce mai yawa, tana tara ruwa a jiki ta tayar da hawan jini. Ruwan toka da ake sa wa miya yana da fotasiyam, haka ma gishirin da ake tallatawa a matsayin madadin gishiri ga masu hawan jini. Man bilicin mai sinadarin makuri yana shiga ta fata ya lalata matatan ƙoda.

Gurɓataccen magani ma ya taɓa yin ɓarna a ƙasar nan. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 sun rasu sakamakon gazawar ƙoda bayan shan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da gubar diethylene glycol. A 2022 irin wannan guba a maganin tari ta yi sanadin mutuwar yara kusan 70 a Gambiya. A sayi magani a kantin da ke da rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma kankare lambar tantancewa a tura ta waya idan kwalin yana da ita.

Masu wankin ƙoda da waɗanda aka yi wa dashe

Na'urar wanki tana cire wasu magunguna daga jini, wasu kuma ba ta taɓa su. Saboda haka akwai waɗanda ake sha bayan wanki, domin kada na'urar ta kwashe su. An tsara adadinsu ne bisa wanki sau uku a mako, na kimanin awa huɗu kowane zama. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, amma duk da haka majinyata da yawa ba sa iya cika sau ukun. Wanda ke samun wanki sau ɗaya a mako, ko ya tsallake zama, ya gaya wa likita gaskiya, domin magani zai fi daɗewa a jikinsa fiye da yadda aka lissafa.

Wasu kan ɗauka tunda an fara wanki, babu sauran abin da za a kare. Alhali ɗan fitsarin da majinyaci ke yi har yanzu yana taimakawa wajen fitar da ruwa da fotasiyam, kuma magungunan rage kumburi kan ƙarasa shi. Hannun da aka haɗa jijiya don wanki ba a yi masa allura, ba a ɗibar jini ko auna hawan jini a kansa. Ɗaurewar tsoka yayin wanki sau da yawa alama ce ta cire ruwa mai yawa cikin gaggawa, kuma maganinta rage gishiri da ruwan sha tsakanin zama da zama.

Wanda aka yi wa dashe yana shan magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, irin su tacrolimus da ciclosporin. Erythromycin, clarithromycin da fluconazole suna ɗaga su a jini, rifampicin na tarin fuka kuma yana rage su. Kada ya karɓi sabon magani sai da sanin asibitin da ke kula da shi.

Hanyoyin da ba na sha ba

Gashi da ruwan ɗumi, tausa, motsa jiki daidai ƙarfi da atisayen da likitocin gashin ƙashi ke koyarwa suna rage ciwon baya da gaɓoɓi. Mai ciwon sukari ya fara taɓa ruwan da gwiwar hannu, domin ƙafar da jijiyoyinta suka mutu kan ƙone ba ta ji ba. Man shafawa na ciwo ba ya shiga jini sosai kamar ƙwaya, amma mai diclofenac a ciki a shafa shi a ƙaramin wuri kawai, na ɗan lokaci, da sanin likita. Rashin barci da damuwa suna ƙara jin ciwo, kuma su ma ana magance su.

Akwai majinyatan da saboda tsufa ko wasu cututtuka ko rashin hali ba za a yi musu wanki ba. Su ma suna da haƙƙin a sauƙaƙa musu raɗaɗi, ƙaiƙayi, tashin zuciya da sarƙewar numfashi. Wasu asibitocin koyarwa suna da sashen da ke wannan aiki, kuma dangi na iya neman a tura su can.

Alamomin da ke buƙatar zuwa asibiti nan take

A garzaya da majinyaci asibiti, tare da dukkan magungunan da yake sha, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: barcin da ake kasa tayar da shi daga gare shi, numfashi a hankali ƙwarai, ruɗewa ko sambatu, fizgar gaɓoɓi ko jijjiga, baƙin bayan gida ko aman jini, raguwar fitsari farat ɗaya, kumburi mai sauri da sarƙewar numfashi, ko mutuwar jiki tare da rikicewar bugun zuciya. Dangin mofin suna da makari mai suna naloxone, amma ga mai ciwon ƙoda maganin kan fi makarin daɗewa a jiki, don haka farfaɗowar farko ba ta nufin haɗari ya wuce.

Abin da majinyaci da dangi za su kiyaye

A rubuta sunayen magunguna duka a takarda ɗaya, da adadinsu da lokacin sha, tare da lambar ƙoda ta ƙarshe, a riƙa tafiya da ita kowane asibiti. A sa mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin ba da magani, domin kada a maimaita. Kada a karɓi ragowar maganin wani, ko da ciwonsu iri ɗaya ne. A faɗa wa likita duk wani jiƙo ko haɗin kemis da aka sha ba tare da ɓoyewa ba. Kafin a karɓi sabon magani a yi tambaya uku: shin ya dace da ƙodata, an rage shi daidai da lambata, kuma wace alama zan gani in dakata?

Idan ciwo bai lafa ba bayan kwanakin da likita ya ɗiba, a koma a sanar da shi maimakon a ƙara ƙwaya. Ƙarfin ƙoda yana sauyawa daga wata zuwa wata, saboda haka duk lokacin da aka yi sabon gwaji, a nemi likita ko masanin harhaɗa magunguna ya sake duba jerin magungunan gaba ɗaya.